Akwatin da Ya Haɗiye Gari

A bakin shagon kayan lantarki a Ballarat, jama'a sun ɗauko kujeru daga gida suna kallon talabijin ta gilashin tagar shagon. Clarrie, mai haska fim a sinimar garin, ya tsaya kan wata tsohuwa yana huci.

"Iya, ba ki ga fim ɗinmu ba? Akwatuna sun sauko daga wata duniya suna haɗiye mutane!"

"Na ban dariyar nan? Ƙarya zalla."

"Ƙarya? Kujerun sinima kawai na haska wa fim yau, ba kowa! Ga garin nan kaf, baki buɗe, har da matata!"

"To je ka ceto ta mana, ka tare min!"

Ya juya a fusace, idonsa ya faɗa kan gilashin.

Can ya ce, "Iya, ɗan matsa min."