Kunnen Hagu

A layin ganin likitan kunne, wani malamin makaranta ya ga yarinya zaune kusa da uwarta. Ya ce, "Baiwar Allah, yau ba makaranta ne?"

"Ta daina zuwa, Malam. Kullum sai a sa ta durƙuso a rana, wai ana kiranta tana share mutane. Sau biyu ana dakatar da ita. Ashe kunnen hagu ne ya mutu."

"Allah ya sawwaƙe. Amma wasu yaran taurin kai ne kawai. Akwai wani a ajina, sai in yi ta kiransa ko waiwayowa ba ya yi. Jiya ma na kore shi."

"A ina yake zama?"

Malamin ya ce, "Can baya, jikin bango."