Miyauna ya tono mini wa a Abijan

Malam mai gabatarwa, sallama daga Tawa. Masu sauraro, wa ya taɓa jin miyau ya tada rabon gado? Abokina na Amurka ya zo da ƴar kwalbar gwajin DNA mai gano dangi, na tofa don wasa. Da sakamako ya shigo wayata, sai ga shi ina da wa, uba ɗaya, a Abijan, inda marigayi Baba yake cin rani. Wan nawa ya turo hotonsa: fuskar Baba ce sak. Ga gonarmu ta Bambeye an raba, har na shuka kasona. Na tambayi Baffa, da ke bin Baba Abijan, ya ce, "Yaro, bar tone-tone." Baffa, na san kana sauraro. Ka sani ko ba ka sani ba? Ka kira rediyon nan ka faɗa, kowa ya ji.