Layukan da Suka Jingina da Bango

Shugaban taro, shugabar sashenmu, manyan baƙi, abokan aiki maza da mata, assalamu alaikum.

Shekara tara ke nan rabona da gida. Ina godiya da aka zaɓe ni in yi magana ranar da ake ɗaga ƙanena a aiki, Mai Tabarau, wanda teburinsa ke kallon nawa, zuwa gurbin babban mai rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Wanda ya zaɓe ni, ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani sarai.

Na farko, gaskiya. Kafin zuwansa, kowa da yadda ya saita manhajar da yake rubutu a ciki. Wani in ya danna maɓallin tab layi ya shiga ciki da gurbi biyu, wani takwas, ni da tsallena dabam. In ka buɗe aikin maƙwabcinka, sai ka ga layuka kamar haƙoran tsohon zarto. Shi ya ce tab ya ba da gurbi huɗu, maɓallin gogewa ya kwashe huɗun a danna ɗaya. Na yi gardama a fili, na gwada a ɓoye, na ga ya fi nawa. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, ƙanena, gonarka ta sha takina.

Na biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya bi tsohon aikinmu kaf ya daidaita shi da sabon saiti. Kun san ma'ajiyar aikinmu sunan wanda ya taɓa layi daga ƙarshe take nunawa. Ya matsar da layukana, sunansa ya hau kansu. Manya suka duba, suka ga gini, suka ga sunan mai fenti. Da na nuna masa, sai ya dafe kai ya ce, "Wallahi Yaya, gurbi kawai na gyara!" Na ce, "Ni ma gurbi kawai na rasa." Gurbin nan da aka ba shi yau, mai tikitin zuwa gida duk shekara, wanda na ce wa mahaifiyata ta sa rai.

Bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba, ya je ofis ya faɗa da bakinsa, aka yaba masa da tawali'u. Har wannan ma na yi masa hassada.

Na uku, roƙo. Nan gaba in za ku auna mutum, ku tona tarihin layi, kada ku tsaya ga hannun ƙarshe.

Allah Ya riƙa maka, ƙanena. Allah Ya ba shugabanninmu ido, Ya mai da kowane baƙo gida da ƙafarsa.

Na duba ma'ajiyar da safe in ga abin da na tsira da shi. Layukan da suka jingina da bango, can gefen hagu na shafi, waɗanda tab bai taɓa turawa ba, su suka rage da sunana. Goma sha ɗaya ne. Huɗu a ciki babu rubutu.

Na gode.