Tudun Da Na Baje Da Hannuna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Yelwa da Wara.

Mutanen wani ƙauye a hanyarmu sun tara ƙasa sun yi tudu uku a titi don mu rage gudu. Abin ya ƙona mana rai. Kowane tudu sai ka taka birki ka sake ba da wuta, ga mai ya yi tsada. Na ce titi ba gonar ubansu ba ne. Na kawo diga, mu direbobi huɗu muka baje su.

Wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi a bakin titin ta ce, "Ɗana, bar mana ko guda." Dariya na yi mata.

Ranar kasuwa wata mota ta taho a guje ta kwashe tsohuwar tana tsallaka titin. Ko asibiti ba a kai ba ta cika. Ba ni ke tuƙin ba, amma ni na buɗe wa direban hanya.

Yanzu ɗiyarta ke zama da kifin a wurin, kullum ina wucewa. Masu sauraro, ku ba ni shawara: da wane baki zan tsaya in yi mata gaisuwa?