Ƙullin da Aka Binne

A motar Zariya, tashar Ikara, na ji wata mata da wani dattijo sun daidaita: ta bar masa taga, ya riƙe mata kaya.

"Baba, lafiya za ka Zariya?"

"Likita zan roƙa, 'yata. An cire wa matata Lantana ƙullin ciwon daji a nono. Gwamnati na ba da maganin hana shi dawowa, amma sai an auna ƙullin an san irinsa."

"Ba a auna ba?"

"Sun ba ni a kwalba in kai awo. Na ce naman Musulma ne, na binne."

"Innalillahi! Ka binne?"

"Har da ƙyallen likkafani."

"Baba, ai maganinta ka binne!"

Dattijo ya juya fuskarsa ga taga. Ƙasa ta samu rabonta, Lantana ta rasa nata.