Agogo Ya Ce, Likita Ya Ce

A ɗakin jiran likita a garin Dubbo na ƙasar Ostareliya, wani dattijo mai kiwon tumaki ya zauna kusa da wata tsohuwa, yana ta jujjuya agogon hannunsa.

"Bawan Allah, kai ma zuciyar ce?" in ji tsohuwar.

"Ina na sani! 'Yata ce ta saya mini agogon nan mai auna bugun zuciya. Ya ce tawa ba ta bugawa daidai, sai tsalle-tsalle. Likita ya liƙa mini wayoyi a ƙirji, ya ce garau nake. To wa zan bi?"

"Ai ciwona ke nan. In ta tashi, kamar an kulle tsuntsu a ƙirjina. Ba don maganin hana jini daskarewa ba, da tuni ɓarin jikina ya shanye. Kai ba ka jin komai?"

"Ko kaɗan."

"To ko agogon ne ya lalace?"

"An canza mini sabo, shi ma haka. Kuma kullum da sassafe yake nuna hakan."

"Me kake yi da sassafen?"

"Ina wajen tumaki mana. Ba na ma ɗaura shi lokacin, kar ya ɓaci. Matata Glenda ke ɗaurawa, tana ƙirga takunta in ta fita da kare. Kwanan nan ma ba ta nisa, wai haki take yi..."

Sai ya zuba wa agogon ido.

"Ina take yanzu?" in ji tsohuwar.

"Tana waje cikin mota. Ta ce in shigo ni kaɗai, ita lafiyarta ƙalau."

Aka kira sunansa. Ya miƙe zumbur, amma ƙofar waje ya nufa.