Turmin Adama da Ƙoƙon Alkawari

Shugaban wannan zama, Rabaran Ishaku. Wakilin mai gari, Malam Magaji. Maƙwabcinmu Labbo, wanda ya baro shanunsa ya zo sallama. Dattawan ikilisiya, matan zumunta, 'yan uwa maza da mata, ina gaishe ku da sunan Ubangiji.

Ina godiya ga maƙwabtanmu Musulmi. Tare muka haƙa kaburbura shekarar gubar dalma, tare muka kwana daji da 'yan bindiga suka shigo. Gobe mota za ta kwashe ragowarmu, wasu Anka, wasu Gummi, mu rufe wannan majami'a. An ce in yi jawabin ban kwana a kan alkawarin Allah. Da an tambaye ni, da na ce a nemi wani, domin bakina ya yi nauyi. Amma 'yar uwarmu Adama, ga ta can bakin ƙofa, ta yi mini tambaya, ta kuma ce a gaban jama'a take son amsa.

Kun san lokacin da aka samu zinariya wajen Bagega. Mazanmu suka riƙa kawo dutse gida don tsoron ɓarayi a bakin rami, mata suka riƙa daka shi a turmin da suke daka gero. Wa ya san akwai guba a ciki? Adama ta daka dutse da safe, ta daka fura da rana. 'Ya'yanta biyu suka sha, suka yi ta jijjiga, suka tafi. Da masu magani suka zo kwashe ƙasar gidaje, ta ɓoye turmin. Tun daga ranar ba ta ƙara karɓar ƙoƙon Jibin Ubangiji ba, wanda muke sha don tunawa da jinin Almasihu. In ya iso gabanta sai ta naɗe hannu cikin zane. Jiya na tarar ta ɗaure turmin nan cikin kayan da za ta hau mota da su. Ta ce mini, "Baba, ni nad daka, ɗiyana sunka sha. Da wane baki za ni shan jinin Ɗan wani?"

To, ga abin da na sani, kuma ba shi da yawa.

Na farko, tsohon alkawari. A kan dutse aka rubuta shi: yi wannan ka rayu, ƙetare wannan ka mutu. Shari'a ce mai tsarki, ba ta ƙarya, ba ta kuma lallashi. Kowace shekara a yanka dabba, kowace shekara laifi ya dawo. Har mutanen zamanin suka riƙa cewa iyaye sun sha tsami, haƙoran 'ya'ya sun mutu. Adama, a ƙarƙashin wannan magana kike kwana kike tashi. Ke ce mai ƙara, ke ce alƙali, turmi ne shaidarki, kuma kullum hukuncin ɗaya ne.

Na biyu, sabon alkawari. Mu Kirista mun gaskata Allah ya ce ba zai sake rubutawa a dutse ba, a zuciya zai rubuta, ba zai kuma ƙara tuna laifinmu ba. Ba da jinin rago aka hatimce shi ba, da jinin Almasihu ne, sau ɗaya tak. Ceto kyauta ne. Ba a haƙo shi, ba a wanke shi a kwano, ba a auna shi a sikeli. Wanda hannunsa ke da tsabta ba ya bukatar ƙoƙon nan, don irinmu aka zuba shi.

Na uku shi ne mai ɗaci, kuma ba zan ɓoye shi don Rabaran na zaune ba. Alkawarin bai dawo da yaran ba. Bai tsare gonakinmu ba, bai hana mu zama baƙi a ƙasar da aka binne cibiyoyinmu ba. Na yi wa'azinsa tun gashina na baƙi, ga shi yau ina yi wa kujerun da babu kowa a kansu. An ce bayan wuya sai daɗi. Mu dai wuyar muka gani, ita muke ta gani. In kin tambaye ni dalili, 'yata, ban sani ba. Na gaji, kuma ina tsoron in kika hau motar nan da turmin, babu wanda zai ƙara miƙo miki ƙoƙo ya kira sunanki.

Saboda haka roƙo nake, ba koyarwa ba. Kwance turmin nan ki bar mana shi, mu haƙa rami mai zurfi mu rufe, ni da Labbo. In an jima za a zagaya da ƙoƙo karo na ƙarshe a ɗakin nan. Zan tsaya a gabanki da shi. Na tsufa, ba zan iya daɗewa ba, amma ba zan wuce ba sai kin ce in wuce.

Allah ya kai masu tafiya lafiya, ya tsare masu zama. Allah ya saka wa maƙwabtanmu, ya dube mana kaburburan da muka bari a hannunsu. Allah ya tuna da alkawarinsa, domin mu ƙarfin tunawa ya fara ƙare mana.

Na gode.